Tambayar da Gwaggo ta yi mini a asibiti

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau ne karo na uku da aka sa wa Gwaggo ruwan kemo, wato maganin sankara da ake ƙara wa mutum ta jijiya, kuma ni na raka ta asibiti tun da sassafe. Muna zaune muna jiran sakamakon gwajin jini sai ta ɗan zame ɗankwalinta ta nuna mini kanta, ta ce, "Malam, kai da kake koya wa yara ilimin halittu, ciwon nan a mama yake, to me ya haɗa maganin da gashina?"

Na yi shekaru ina koyar da rabuwar ƙwayoyin halitta, amma ban taɓa bayyana ta ga wanda abin ya shafi jikinsa ba. Na ce mata jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kuma kowace sabuwa daga tsohuwa take fitowa, domin guda ɗaya ce take rabuwa ta zama biyu. Kafin ta rabu sai ta kwafe dukkan bayanan gado da ke cikinta, waɗanda ke ɗaure a ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, kamar yadda mai rubutu yake kwafe littafi harafi bayan harafi, sannan kuromosom ɗin su jeru a tsakiya, wasu siraran zare su ja kowane kwafi zuwa gefe guda, ƙwayar ta tsuke a tsakiyarta har ta yanke. Wani Bajamushe, Walther Flemming, shi ne ya raɗa wa wannan aiki suna maitosis a 1882, daga kalmar Girkanci mai nufin zare. Wannan ban faɗa mata ba, domin ba shi ta tambaya ba.

Abin da ya ja hankalinta shi ne jin cewa rabuwar ba ta tsayawa ko mutum ya gama girma. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi su mutu, saboda haka ɓargo yake samar da kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Fatar cikin hanji tana sabuntuwa cikin ƙasa da mako guda, tushen gashi ma ba ya hutawa. Ƙwaya mai lafiya tana da matakan da take tsayawa ta duba kwafinta, idan ta ga kuskure ta gyara, idan ya gagari gyara ta kashe kanta. Sankara tana farawa ne daga ƙwayar da wannan linzami ya tsinke mata, ta ci gaba da rabuwa ba tare da jiki ya buƙata ba. Shi kuwa kemo masu saurin rabuwa yake bi, kuma ba ya iya tantance ta sankara da ta gashi ko ta ɓargo sosai. Dalilin zubewar gashi ke nan, da gyambon baki, da gwajin jinin da muke jira, da kuma makonni ukun da ake ba ta tsakanin ƙarin ruwa domin ɓargo ya farfaɗo.

Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko gashin zai dawo. Na ce mata galibi yana tsirowa bayan an gama maganin, tun da tushensa yana komawa rabuwa. Ta ce to in fara tanadin kuɗin kitso.

A hanyar dawowa na ji kunyar yadda nake sa ɗalibai haddace matakan maitosis saboda jarrabawa kawai, su zana su, su manta. Kafin in zauna rubutun nan na ɗora albasa biyu a bakin kofi mai ruwa, domin a ƙarshen saiwarta ake ganin rabuwar a fili idan aka duba da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, kuma ina sa ran za ta fito kafin darasin Litinin.