Inshorar asibiti ce ke biyana in nemo wa mutane ɗaki a Los Anjeles

Wlh ranar da na fara bi ta Skid Row, unguwar da marasa gida suka taru a tsakiyar Los Anjeles, na ɗauka direban bas ɗin ɓata hanya yayi. Wata biyu kenan da saukata Los Anjeles a 2019, zan je wani aikin gadi na dare da wani bahaushen Kumasi ya samo min, kawai sai naga tantuna jere a bakin titi layi bayan layi, mutane na tura kekunan kanti cike da barguna da ledoji, wani na zaune yana wanke ƙafa da ruwan gora, ga dogayen benaye masu gilashi can gaba kaɗan suna ƙyalli. Ni da na baro Katsina da tunanin Amurka ko kare ma ɗakinshi daban. A lokacin ni kaina kan kujerar falon wani abokina nake kwana, wata takwas nayi a kanta, sabida duk mai gidan da na tunkara sai ya tambayi tarihin bashina da takardar albashi mai ninka kuɗin hayar sau uku, ni kuwa ko katin banki ban daɗe da yi ba. Da abokin nan ya gaji dani da tanti zan koma, wannan ban taɓa mantawa ba.

A 2022 na bar gadi, nayi wani ɗan kwas na ma'aikatan lafiya na unguwa, na samu aiki a wata ƙungiya. Aikin shine nema wa marasa gida ɗaki, in an samu kuma a taimaka musu kar su rasa shi. Abun da ya ɗaure min kai a satin farko shine wai inshorar lafiya ce ke biyan kuɗin aikin. Na tambayi shugabarmu sau biyu, nace ina ruwan asibiti da neman ɗaki? Dariya tayi tace in bari in kwana biyu.

Toh ga yadda abun yake. Akwai inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, Medicaid, tun 1965 zamanin Lyndon Johnson, gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗin, a nan Kalifoniya Medi-Cal ake ce mata. Daga 2014 dokar Obama ta buɗe ta ga manya marasa yara masu ƙaramin samu, shine yawancin mutanen titi suka samu shiga. Sannan a Janairun 2022 jihar ta fara wani tsari mai suna CalAIM wanda ya ba kamfanonin da ke tafiyar da inshorar damar biyan abubuwan da ba allura ba ba ƙwaya ba, kaman neman gida, kuɗin ajiya da mai gida ke karɓa kafin ka shiga, wajen jinya na ɗan lokaci ga wanda aka sallama daga asibiti bai da inda zai kwanta, da kuma bibiyar mutum bayan ya tare. Kuma fa lissafi ne ya kawo haka, ba tausayi zalla ba. Tun 1986 doka ta hana sashen gaggawa na asibiti korar mara lafiya don bai da kuɗi, sabida haka mutumin titi in ciwo ya tashi motar asibiti ce zata kwashe shi, a kwantar, a sallame shi ya koma kan kwali, bayan sati uku ya dawo da ciwon ya fi na da, kuma gwamnati ce ke biya duk zuwa. Tunanin a fara ba mutum ɗaki kafin a ce ya bar shaye-shaye ko ya warke shima ba sabo bane, wani masanin halayyar ɗan adam Sam Tsemberis ya fara shi a New York a 1992.

Waɗanda muka fi kamawa su ne waɗanda suka daɗe a waje. Gwamnati ma tana da ma'auninta, sai mutum na da wata lalura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa, kuma ya shekara cur a titi, ko ya tsinci kanshi a titin sau huɗu cikin shekara uku da in an haɗa sun kai wata 12. Har wannan sai an kawo shaida a rubuce, wai ka tabbatar da takarda cewa baka da gida.

Mutum na farko da aka damƙa min wani dattijo ne baƙar fata haifaffen Luiziyana, tsohon direban babbar mota, ya haura sittin. Baba nake ce mishi, da farko ya tambaye ni ma'anarta, da na faɗa mishi sai yayi shiru yace to ci gaba. Ciwon suga gare shi, an riga an yanke mishi yatsun ƙafa biyu, kuma allurar insulin ɗinshi tana son sanyi shi kuwa a aljihun jaket yake yawo da ita cikin zafin Agusta. Kafin a zo maganar ɗaki sai da muka sha fama da takardu, don katin shaidarshi da komai sun tafi ranar da aka zo share titin aka kwashe tantinshi yana asibiti. Kana son katin shaida sai da takardar haihuwa, kana son takardar haihuwa daga wata jiha sai ka nuna kai waye, kuma duk wasiƙar da za a aiko sai da adireshi. Adireshin ofishinmu muka sa. Sau uku wayarshi na ɓata, in na rasa shi sai in bi layin da yake kwana da safe ina leƙa tantuna ina sallama kaman mai bin bashi, wata mata mai kare a kusurwar ita ke ce min ya tafi karɓan abinci ko an ɗauke shi jiya da dare.

Medi-Cal bata ɗaukar hayar wata-wata ta dindindin, wannan sai an samu takardar tallafin haya irin Section 8, inda mutum ke biyan kusan kashi 30 cikin 100 na abun da yake samu gwamnati ta cika sauran. Wata goma sha ɗaya muka jira kafin tashi ta fito. Sai kuma neman mai gidan da zai yarda. Doka a Kalifoniya tun 2020 ta hana a ƙi mutum don da takardar tallafi zai biya, amma ba wanda zai ce maka ya ƙi, cewa za'a yi ai jiya aka kama ɗakin, kuma gobe ka ganshi a intanet ana talla. Na kira wajen talatin. Da lafazina na Katsina da labarin Baba, wasu kafin in gama gaisuwa sun kashe.

Ranar da muka karɓi makulli ya tsaya a bakin ƙofa ya fi minti biyar yana buɗewa yana kullewa. Ɗaki ɗaya ne da bayi da ɗan kicin, ba firij, don a lokacin a garin nan gidajen haya da yawa haka ake ba ka su, sai da muka samo na hannu muka jera insulin ɗin a ciki. Bayan kwana huɗu na koma duba shi na tarar gadon yadda muka shimfiɗa shi ko zama ba'a yi akai ba, shi kuma yana kwance a ƙasa jikin ƙofa da takalmanshi a ƙafa, jakarshi a ƙarƙashin kai. Nace Baba lafiya, ga gado? Yace shirun ne ya mishi yawa, shekara tara kunnenshi na jiran takun mutum. Sai da yayi kusan wata biyu kafin ya hau gadon, takalmin kuwa ban tambaya ba.

Daga nan ne ma aikin yake farawa, kuma shi mutane basu gani. Wasiƙu ya tara su a leda bai buɗewa don a saninshi ambulan bata taɓa kawo alheri ba, cikinsu har da ta sabunta Medi-Cal da ake yi duk shekara, in ta wuce inshorar ta tsaya aikina dashi ma ya tsaya. Abokanshi na titi su zo wanka su kwana, maƙwabta su kai ƙara, mai gida ya manna gargaɗi a ƙofa, in je in ba wannan haƙuri in lallashi wancan. Ni a raina ban ga laifinshi ba, mutanen da suka tsare maka kaya shekara tara ka samu ruwan zafi ka hana su? Amma takardar haya bata san wannan ba. Wata mata da na samar wa ɗaki bayan shi wata huɗu kawai tayi ta koma tanti, har yau ina ganinta muna gaisawa.

Da nake ba Inna labari a waya shiru tayi sannan tace, shi wannan bawan Allah ba shi da dangi ne? Nace yana da 'ya a Teksas, rabonsu da magana tun kafin in zo ƙasar. Tace kai kuma biyanka ake ka je ka gaishe shi? Nace eh Inna, har fom nake cikewa na minti nawa nayi. Salati ta saka. Na so in ce mata mu ma fa muna da namu a tasha da ƙarƙashin gada da ba mai cike musu ko fom ɗin, amma ba'a jayayya da Inna a kuɗin waya.

Abun da ke ci min rai shine an samo kuɗin biyan irina amma ɗakunan babu. Ƙidayar Janairun 2024 ta samu sama da mutum 770,000 marasa gida a Amurka, sama da 75,000 a gundumar Los Anjeles kaɗai, ɗaki ɗaya da falo kuma ana maganar dala 2,000 ko fiye. Yanzu haka mutum 26 ke hannuna, bakwai ne kawai ke da makulli, sauran kullum sai in ce musu ana kan duba wa. Ni kaina har yanzu mu biyu ne a gida da wani ɗan Zinder mai tuƙa Uber, rabin albashina a haya yake tafiya.

Baba dai ya shiga shekara ta biyu, sau ɗaya aka kwantar dashi tun da ya tare. Talatar da ta wuce na je na tarar ya soya ƙwai ya ajiye min a faranti, ya turo min ledar wasiƙun da ƙafa yace in fara da mai tambarin gwamnati.