Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ladan Kuturu

Makon jiya na tsaya inda Injiniya, mai kamfaninmu na kula da kwamfutoci, ya tara mu a ofishinmu na Gawon Nama a Sakkwato ya ce an sayi kamfani. Ya rantse babu abin da zai canza sai allon bakin ƙofa. Abin da ya ɓoye mana shi ne masu sayen sun riƙe wani kaso na kuɗinsa, sai ya yi musu shekara biyu kuma ciniki ya kai adadin da suka yanka. Wa'adi na cika ya karɓi cikonsa ya tare a Abuja. Har yau in mun haɗu wurin ɗaurin aure yakan ce mini "ƙanena", ni kuma in amsa, don gidanmu ba a koya mana rashin kunya ba.

Albashi dai an ƙara, gaskiya ɗaya ce. Na je Mabera da murna na gaya wa Kawu. Yana kan buzunsa da carbi, bai ko ɗago ba, ya ce, "Mi sunka ce ka yi musu?" Na ce aikin da na saba. Ya ce, "To. Kowa yac ci ladan kuturu shi yi mai aski."

Askin ya fara da takardar awanni. Kowace Juma'a ka shiga manhajarsu ka rarraba awa 40 na mako, kowace awa da lambar kwangilar da za a caja. Awar da ba ta da lamba asara ce a wurinsu. Mahaifiyar daraktan wata ma'aikata da muke kula da kwamfutocinta ta rasu, na je jana'iza, na koma sadakar uku. Na tambayi sabon ogana na Legas wace lamba zan sa. Ya ce in cire daga hutuna. Na ce, "Yallaɓai, a Sakkwato wannan zaman makokin shi ne sabunta kwangila." Ya yi dariya, ya ɗauka raha nake. Da Injiniya ne, shi zai ja mu a motarsa da buhun shinkafa a but.

Na tuna maganar Kawu ranar, na kuma tuna ta a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Muna da na'urori a wajen Goronyo. Ƙa'idar kamfani ita ce in na'ura ta daina magana a gyara cikin awa huɗu. Allon babban ofis ya yi ja jawur, sunana a sama. Wata baiwar Allah daga ƙasar waje ta yi ta turo saƙo wai in kira mai gadin wurin ya kashe ya kunna. Da wane layi? Ƙarshen shekara aka rage mini maki kan wannan, an kuma rubuta a fayil. Yanzu da nake rubutun nan ma raina na sosuwa.

Shekarar da ta biyo ba ni da abin faɗa a kanta. Taro ne ta intanet, wani a daidai lokacin buɗa-baki. A 2023 kuwa, bayan cire tallafin mai da sakin naira, su suna cajin manyan kwastomomi da dala, mu albashinmu na naira yana nan inda yake. Ƙarin da na kai wa Kawu labarinsa ya narke a gidan mai. Kawu bai ga wannan ba, Allah ya jiƙansa. Inna ce ta maimaita mini maganar tasa, kalma da kalma.

Amma na yi gaba da yawa. Abin da ya fi ci mini rai ya faru tun watannin farko. An turo jerin kwastomomin da aka ce sun yi ƙanƙanta, a sallame su. Ciki har da ƙungiyar 'yan albasa da na haɗa wa manhajar lissafi da hannuna, mutanen da suka biya mu tun muna ɗaki ɗaya da janareta na aro. Ni aka ba takardar in kai. Shugabansu ya karanta, ya naɗe, ya sa aljihu, ya ce yaro ya ɗora mini kwandon albasa a bayan mashin. Daren Asabar na koma na gyara musu kwamfutar kyauta, alhali yarjejeniyar da na sa wa hannu ta hana. Wanda ya kai rahotona Legas teburinsa na kallon nawa, kuma da shi za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.