Ka tambayi mai almakashi kafin ka ce "to"

Ɗan ƙanena ya buɗe shagon ɗinki a Fagge. Cikin azumin nan na leƙa, na tarar yana waya: "An gama Hajiya, kafin jajibere za ki karɓa." Anko ne na biki, ga kayan Sallah jibge har saman kanta. Mai yankansa ya ɗago ya dube shi, ya mayar da kai kan teburi. Na ce ya tambayi yaran tukuna. Sai ya yi dariya: "Kawu, shagon na waye?"

Irin maganar da ni ma na yi ke nan a nawa shagon, a azumin 2016. Wani ɗan siyasa ya kawo ɗinkin rabon Sallah, shadda bandir-bandir daga Kantin Kwari, na karɓi kuɗin kafin alƙalami ban ce wa kowa uffan ba. Sai da aka sauke kaya yara suka gani. Dattijon da ke min yanka, wanda ya girme ni nesa, ya ja ni gefe ya ce, "Maigida, kwanakin ba za su kai mu ba, sai dai mu yada na mutanen unguwa." Na ce masa nasa yanka ne, lissafi ya bar min.

To a yi min adalci. Shekarar ce aka mayar da litar fetur naira 145 a watan Mayu, janareta kuwa kwana take tana sha. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga 197 zuwa wajen 280, zare da zif da maɓalli duk suka bi ta. Ga kuɗin haya a wuyana. Wa zai ga irin wannan kuɗin ya tsaya kiran taro? Kuma na san in na tambaya a'a za su ce, shi ya sa ban tambaya ba. Har gobe ina ganin da mai surfani bai kwanta zazzaɓi ba, da mun kai. Ko da yake zazzaɓin ma kwanan zaune ne ya jawo shi.

Daren Sallah wani da nake wa ɗinki tun na angoncinsa ya zauna a benci har asuba. Da aka kira salla ya tattara shaddar 'ya'yansa, an yanka ba a haɗa ba, ya cusa a leda ya fita. Ko zagina bai yi ba, kuma da zagin ya fi min sauƙi. Bayan Sallah dattijon ya kama nasa shagon, yara biyu suka bi shi, masu kawo ɗinki ma haka. Daga baya yake gaya min da na tambaye shi, ba a'a zai ce ba. Cewa zai yi a karɓa a raba da shagon maƙwabta.

Na so in jero muku nasihohi, amma ku yaran yanzu rabin hankalinku na kan waya. Ka tambaya kafin ka amsa wa mai kaya. Rubuta "an karɓi aiki, kowa ya shirya" a guruf ɗin WhatsApp sanarwa ce kawai. Manzon Allah (SAW), da wahayi ke saukar masa, an umarce shi da shawara a Suratu Ali Imrana, kuma da shawarar Salmanul Farisi aka haƙa ramin Khandaƙ. Kai da kekunanka biyar fa?

Amma kada ka mayar da shago majalisa. Yaron da bai iya kalmasa ba ya yi shiru ya koya. Zancen kuɗi kuwa naka ne kai kaɗai. A'a, babban cikinsu dai ka buɗe masa littafin, don ni ɓoyewar ce ta sa suka ɗauka riba nake kwasa alhali bashi nake biya. Ladan aikin dare ma ku yanke shi baki da baki tun kafin a shimfiɗa yadi, in ba haka ba ranar 27 ga azumi za ka ji wani ya tafi ƙauye duba mahaifiyarsa.