Talata, 31 ga Disamba 2024: Lissafin Shekarar 'Yan Tsanata

Yau sanyin hunturu ya hana ni taɓa allura da sassafe, domin yatsuna sun tsage tun makon jiya, kuma ko da na shafa man kaɗanya da daddare sai na wayi gari suna zafi. Saboda haka bayan sallar asuba ban buɗe keken ɗinki ba. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗaki inda hasken rana yake fara sauka, na ɗauko littafin da nake rubuta ciniki a cikinsa tun watan Janairu, na ce bari in zauna in yi wa shekarar nan hisabi kafin ta fita.

Abin da littafin ya nuna shi ne na ɗinka 'yan tsana 214 a cikin watanni goma sha biyu. Na sayar da 197, na bayar da tara kyauta ga yaran dangi da na maƙwabta, takwas kuma suna nan jere a kan kanta, biyu daga cikinsu ba a gama yi musu kitso ba. Da na ga wannan adadi na ji daɗi ƙwarai, domin bara ban kai ɗari da hamsin ba. Amma da na juya zuwa shafukan kuɗi, na tara abin da ya shigo na cire abin da ya fita, sai jikina ya yi sanyi, don kuwa aikin ya ƙaru sosai alhali abin da ya rage a hannuna bai fi na bara da wani abin kirki ba.

Wani ɓangare na dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk mai shiga kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, babu abin da ya tsaya a farashinsa. A bana hauhawar farashi ta haura kashi talatin cikin ɗari, litar fetur ta wuce naira dubu, kuma duk lokacin da na shiga Kantin Kwari sai na tarar turmin atamfar da na saya watan baya ya ƙara kuɗi. Zare ya tashi, ulun da nake yin gashi da shi ya tashi, audugar cusawa ta tashi, kuɗin adaidaita sahu daga unguwarmu zuwa kasuwa ya ninka. Duk wannan na sani, kuma na ɗan ƙara farashi sau biyu a cikin shekarar don in bi sawunsa.

Abin da ban sani ba sai yau shi ne cewa littafina ba shi da gurbin lokaci. Akwai layin ƙyalle, akwai na zare da auduga, akwai na kuɗin mota da na leda, har da na katin waya, amma babu inda na taɓa rubuta awoyin da na zauna a kan kujera ina ɗinki. Na ɗauki babbar 'yar tsana, wadda ita ce aka fi saye, na bi aikinta daki-daki a zuciyata. Yankan jiki da ɗinke shi da juyo shi da cusa auduga a hannuwa da ƙafafu da tsinke yana cin kusan awa biyu. Dasa gashi layi-layi da allura, sannan a yi masa kitso, shuku ko kalaba, shi kaɗai yana cin wasu awa biyu, wani lokaci fiye. Riga da zani da ɗankwali da mayafi, kowanne da kalmasarsa da gugarsa, su ma awa biyu ne. Sauran awa ɗaya ta tafi a zanen lalle da zare a tafin hannu, da ɗaura tsakiya a wuya, da ɗaukar hoto, da amsa saƙonnin masu saye. Awa bakwai ke nan. Ina sayar da ita naira 6,000, kayan aikinta da zirga-zirgarta suna cin kimanin 4,300, abin da ya rage 1,700 ne. Idan aka raba shi gida bakwai, ladan kowace awa bai kai naira 250 ba. A watan Yuli aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, wanda idan aka raba shi a kan kwanakin aiki na wata yana kamawa kusan naira 400 a awa. Na daɗe ina kallon waɗannan lambobi biyu kafin in rufe littafin.

Da hantsi na tafi wajen telan da nake karɓar guntayen ƙyalle a hannunsa. Shekara uku ke nan yana tara mini ragowar shadda da leshi da atamfa a buhu, ni kuma ina ba shi ɗan abin da ya sauwaƙa. Yau ya ware mini wasu guntayen baƙin yadi rinin baba, ya ce daga marinar Ƙofar Mata aka kawo shi, wani dattijo ya ɗinka riga ya bar ragowar. Ƙamshin baban yana nan a jikinsa, kuma yana barin shuɗi a yatsa. Na yi murna da shi fiye da duk abin da ke cikin buhun, domin mafi kyawun abin da na yi a bana shi ne wasu 'yan tsana shida da na yi wa tufafi da saƙi da rinin gida, kwatankwacin shigar kakanninmu, kuma su ne waɗanda aka fi yi mini magana a kansu a kasuwar baje koli ta Kano a farkon wannan wata. Wata baiwar Allah ta tsaya a gaban teburina ta riƙe ɗaya ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta ce zanin ya tuna mata da na mahaifiyarta. Ba ta nemi ragi ba.

Daga wajen tela na biya gida don in gaida Inna. Na same ta a tsakar gida tana jin ɗumin rana, na durƙusa na gaishe ta, sannan na ba ta labarin lissafin da na yi. Ta saurare ni har na gama, sai ta ce, "'Yar nan, ai mai saƙa ba zare take sayarwa ba, zamanta take sayarwa. Ke kuwa kin bayar da naki zaman kyauta shekara guda." Na ce, "Inna, tsoron da nake ji shi ne in na ƙara kuɗi mutane su koma wa na roba, ga su nan cike da Sabon Gari da araha." Ta ce wanda yake son na roba tuni ya saye shi, wanda ya zo ƙofata kuwa wani abu dabam ya zo nema. Daga nan hira ta kai mu ga 'yan tsanar zamaninsu. Ta ce su da kara suke yi, ko da ƙashin ƙafar rago bayan Babbar Sallah, a kankare shi a shanya, a ɗaura masa tsumma, wasu kuma su murza yumɓu su busar a rana. Ta ba ni labarin yadda suke haɗa bikin 'yar tsana, wannan gida su ne dangin ango, wancan dangin amarya, a yi jere da murafen kwano da gutsattsarin ƙwarya, a yi guɗa, a raka amarya da waƙa. Ta rera mini baiti biyu, na uku ya ɓace mata, ta yi ta ƙoƙarin tunowa bai zo ba. Wannan ya taɓa zuciyata fiye da yadda na nuna mata.

A hanyar dawowa na riƙa tuna wahalhalun shekarar, kuma ba su da yawa da za a daɗe a kansu. A farkon Agusta, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa da dokar hana fita, na yi kwanaki ban aika kaya ko'ina ba. A ƙarshen Oktoba, da aka yi doguwar ɗaukewar wutar da ta shafi yawancin Arewa, ina riƙe da aikin guda talatin na wata makaranta. Kekena na ƙafa ne, don haka ɗinki bai tsaya ba, amma guga sai da dutsen gawayi, aikin dare kuma sai da fitilar caji wadda ita kanta sai an kai ta shago an biya. Wani ƙunshi na guda huɗu da na bayar a tasha zuwa Abuja bai isa ba har yau, kuma na sake ɗinka wa matar wasu daga aljihuna. Kuskuren da ya fi damuna kuwa nawa ne. Na sayi wani baƙin ulu mai araha ban jarraba shi da ruwa ba, uwar yarinyar ta wanke 'yar tsanar, rinin ya zuba ya ɓata fuskar da rigar gaba ɗaya. Ta aiko mini da hoton ba tare da faɗa ba, ta ce yarinyar ta yi kuka. Tun daga ranar kowane ulu da kowane ƙyalle sai ya kwana a ruwa kafin ya hau jikin 'yar tsana.

Akwai kuma batun fuska, wanda ya bi ni tun daga farkon shekara har ƙarshenta. Yawancin abin da nake yi ba shi da ido ko baki. Wasu iyaye saboda haka ma suke zuwa wurina, wasu kuma sukan roƙe ni in saka ko da ɗigo biyu ne na zare. Na karanta a Islamiyya cewa Bukhari da Muslim sun ruwaito Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Abu Dawud ya ruwaito labarin dokinta mai fukafukai. Malamai sun yi sauƙi a kan abin wasan yara saboda wannan, ko da yake sun saɓa a kan yadda kamanninsa za su cika. Ni dai na zauna a kan barin fuskar a sake, kuma wani abu da na gani da idona ya ƙara mini natsuwa. 'Yar ƙanwata mai shekara biyar takan ce mini yau 'yarta tana fushi, gobe ta ce tana dariya, jibi ta ce barci take yi kada a yi surutu. Fuskar da ba a zana ba tana karɓar duk abin da yarinya ta ɗora mata.

Na san ba ni ce ta fara wannan tunani na yi wa yaranmu 'yar tsana mai kama da su ba. A Legas, Taofick Okoya ya fito da Queens of Africa, waɗanda ɗaya daga cikinsu Bahaushiya ce, Haneefah Adam kuma ta yi suna a Instagram da ɗinka wa 'yar tsana hijabi da suturar mutunci. Na yaba musu, kuma sun buɗe wa irina ido. Amma nawa aikin na tsumma ne da auduga, daga kai har ƙafa a hannu, kuma ba zai taɓa yin yawa ba. Kuskurena na bana shi ne na yi ta tseren adadi kamar mai inji, alhali hannu biyu kawai nake da su.

Bayan la'asar na sake buɗe littafin, na ja sabon layi da biro a shafin 2025, na rubuta "awa" a samansa. Babbar 'yar tsana za ta koma naira 8,000 daga gobe, kuma zan bayyana wa duk wanda ya tambaya yadda kuɗin ya kasu ba tare da jin nauyi ba. Ba zan wuce guda 150 a shekarar ba, in Allah ya yarda, kuma kashi ɗaya cikin uku zai kasance na saƙi da rinin baba. Sai dai ba na son yaran layinmu su rasa abin da ake yi a gabansu saboda tsada, don haka zan fitar da wata ƙarama mai sauƙin aiki, daga guntayen tela kawai, mai ɗankwali a maimakon kitso, wadda uwa za ta iya saye ba tare da ta yi dogon tunani ba. Wannan ita ce zan koya wa yarinyar maƙwabtanmu da ta gama sakandare take zaune, idan mahaifiyarta ta amince, kuma zan biya ta a kan kowace ɗaya da ta gama, ba in ce koyo ne ladanta ba. Na kuma yanke cewa duk wadda za a saya wa yaro ɗan ƙasa da shekara uku ba za a sa mata tsakiya ko maɓalli ba, ko da uwar ta nace, saboda abin da zai iya tsinkewa ya shiga baki.

Azumi zai kama wajen farkon Maris, Ƙaramar Sallah kuma ƙarshensa, wato watanni biyu kawai nake da su kafin azumi don kayan Sallah. Bana na karɓi aiki har cikin goman ƙarshe, na yi ta ɗinki bayan tarawihi har idona ya yi ja. Wannan karon zan rufe karɓar aiki ranar goma ga azumi.

Abu na ƙarshe da na rubuta ba shi da alaƙa da ciniki. Ranar Juma'a zan koma wajen Inna da wayata da littafi, in roƙe ta ta nuna mini yadda ake haɗa ta kara da ta ƙashi tun daga farko, in ɗauki muryarta tana rera waƙar rakiyar amarya, sannan mu je gidan Gwaggo ko ita za ta tuna baitin da ya ɓace. Na riga na yi wa mai kawo mana itace magana ya zo mini da karan dawa masu kauri. Guntayen baƙin yadin nan kuma na jiƙa su a roba tun magariba, ruwan ya yi shuɗi har sau biyu, zan sauya na uku kafin in kwanta.