Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Gawayina Ya Koma Jar Toka

A makon jiya mun tsaya inda malamin da ke duba bincikena ya ɗora mini kwalbar garin katako a kan tebur, ya ce in mayar da shi girafayit mai ramuka, wato irin baƙin abin nan da ke cikin fensir, amma mai ƙananan ramuka a jikinsa. Na ɗauka zolayata yake yi, domin na karanta cewa tun a 1951 masaniyar kimiyya 'yar Birtaniya Rosalind Franklin ta nuna akwai nau'in kabon (sinadarin da gawayi da girafayit suka ƙunsa) da ba ya zama girafayit ko da zafi ya kai digiri 3,000 a ma'aunin Selsiyas, kuma gawayin itace yana cikin wannan rukuni. Da na faɗa masa haka, sai ya ce, "Ɗana, ba wuta ce za ta yi maka aikin ba, ƙarfe ne."

Na jiƙa garin a ruwan gishirin ƙarfe na naitiret, na busar da shi, na zuba a ɗan kasko, na tura cikin bututun tanderu, sannan na saki iskar naitirojin domin ta kore iskar oksijin, na saita zafi a kan digiri 800. Washegari da na buɗe, babu ko ƙwayar gawayi, sai ɗan jan gari mai kama da tsatsa a gindin kaskon. Ashe robar da ke toshe bakin bututun ta tsage, iska ta shiga ta cinye kabon ɗin kakaf. Laifina ne, don ban duba ta ba.

A karo na biyu garin ya fito baƙi ƙirin, kuma da na kusanto da maganaɗisu sai ya miƙe ya manne a jikin kwalbar kamar gashi. Malam ya zana mini abin da ya faru: gishirin ya rikiɗe ya zama ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da kabayid ɗinsa, wato haɗin ƙarfe da kabon, su kuma ƙwayoyin suna ratsa gawayin suna narkar da kabon mara tsari ta gaba, suna ajiye shi ta baya a jere, shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar gara ta bi cikin itace ta bar hanya. Ƙarafan nikel da kobalt ma suna yin wannan aiki, amma baƙin ƙarfe ya fi su arha da ƙarancin guba.

Na wanke garin da asid domin ƙarfen ya fita ya bar gurbinsa a matsayin ramuka, ko da yake maganaɗisu bai daina jansa gaba ɗaya ba, saboda wasu ƙwayoyin sun kulle kansu cikin ɓawon girafayit. Zanen da na'urar eksire ta fitar ya nuna tsini a kusurwa ta digiri 26, alamar tazarar nanomita 0.34 tsakanin shimfiɗu (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), wato irin tazarar da ke cikin girafayit. Ina cikin murna Malam ya tambaye ni, "To, ramukan fa, ka auna su?" Wannan awo, da ake yi da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, shi za mu ɗauko a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.