Tagar Yamma da Kuɗin Wuta

Tun da aka mayar da wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta aƙalla awa ashirin a rana, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 na fara sa ido a kan mita. Ɗakina a Kano tagarsa yamma take kallo. Da bazara, daga azahar har la'asar sakaliya rana na dukan gilashin, na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta gurnani ba hutu.

Mai haɗa taga ya ce, "Alhaji, a sa baƙin gilashi, magana ta ƙare." Ban yarda ba. Baƙin gilashi shan zafi yake yi, sannan ya furzo wani cikin ɗaki. Na zaɓi mai ruɓi biyu, da iska a tsakani, da siririn shafi mai mayar da zafin rana waje. Tsada kam akwai, har uwargida sai da ta yi magana.

Rumfa a saman taga ba ta tare ranar yamma, don a kaikaice take shigowa, sai na kafa zana daga waje kafin darbejiyata ta girma. Robar da aka liƙe gefunan tagar da ita ta hana sanyi zurarewa, ƙurar hunturu ma ta ragu.