Lens mai IS: inda ya yi mini rana da inda ya bar ni

Aikin hoto da bidiyo na biki nake yi a Jos, da kyamarar Canon 6D. Da lokacin sauya lens ɗin da nake yawo da shi kullum ya yi, zaɓi biyu ne a gabana, duka na hannu: 24-105mm f/4 mai IS, wato tsarin hana girgizar hannu ɓata hoto, da kuma 24-70mm f/2.8 samfuri na biyu, wanda ya fito a 2012, ba shi da IS ko kaɗan amma ya fi wancan tsada nesa ba kusa ba. Aljihuna ya yanke hukunci, na ɗauki mai IS. Daga baya abokin aikina ya sayi ɗayan, mukan yi musanya idan aiki ya haɗa mu, shi ya sa na san hannun kowanne.

Abin da IS ke yi ba wani sihiri ba ne. Akwai ƙananan na'urori a cikin lens ɗin da ke jin girgizar hannunka, sai su motsa wani rukunin gilasai zuwa ɗaya ɓangaren don hoton ya tsaya wuri guda. Canon suna kiran shi IS, Nikon VR, Tamron VC, Sigma OS, aikin dai ɗaya ne. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada saurin shota, wato ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, ya gaza tsawon lens ɗinka: a 50mm, 1/50 na daƙiƙa, a 105mm, wajen 1/100. Nawa kamfanin ya ce yana ba da rangwamen mataki uku, kowane mataki kuwa ninki ne na lokaci. Ke nan inda nake bukatar 1/100, zan iya sauka wajen 1/13 hoton bai yi dishi-dishi ba. A hannuna mataki biyu nake amincewa da shi ido rufe, na ukun sai na matse gwiwar hannu a ƙirji na riƙe numfashi.

Inda na fara ganin amfaninsa sosai shi ne gidan adana kayan tarihi na Jos, ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ciki akwai duhu, hasken ƙofa ne kawai ke shigowa. Ina son bakan gizon ginin da zanen da ke jikin laka su fito, filasha kuwa za ta kashe inuwar da ke fito da zanen. Na sa 24mm, shota 1/6, ISO 400, na jingina kafaɗa da bango na ɗauka. Da na buɗe a kwamfuta har tsagar laka ana gani. Ba don IS ba sai na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, sama da 1600, hoton ya fara yashi-yashi a wuraren duhu. Haka nan a magangarar ruwa ta Assop da yamma, na samu ruwan ya zubo sumul a 1/8 alhali duwatsun suna tsaye cak, ban ɗauko sanda mai ƙafa uku daga mota ba. Ga kuma sanyin Disamba na garin nan, wanda duk mai fita aiki da asuba ya san yadda yake sa yatsu kyarma.

To amma abincina ba a jikin bango da duwatsu yake ba, a wajen biki yake. A nan ne IS ke ɗaga hannu. Hannunka yake riƙewa, ba ya riƙe mutanen da ke gabanka. A wani kamu a Unguwar Rogo, an ɗauke wuta, janareta na ba da ƙwai biyu kacal, ƙawayen amarya suka shigo da rawa. Na ɗauka a 1/30. Labulen baya da kujeru sun fito tas, har ɗinkin matashin kujera ana ƙirgawa, fuskokin 'yan matan kuwa sun zama inuwa, ɗankwali ya ja layi kamar an goga fenti bai bushe ba. Yaron da nake koya wa aiki ya leƙa ya ce, "Oga, ba IS ɗin a kunne yake ba?" Na ce masa a kunne yake, ka duba labulen. Mai tafiya yana bukatar wajen 1/125, mai rawa 1/250 ko sama. Ba abin da zai kai ka can a cikin duhu sai ƙarin haske: ko filasha, ko ISO, ko lens mai buɗewa sosai. F/2.8 yana shigar da ninkin hasken f/4, saboda haka abokina a wuri ɗaya, ISO ɗaya, yana samun ninkin saurin shotata. A ɗakin rawa wannan mataki ɗayan ya fi mini matakai ukun IS daraja.

Bidiyo ne ya hana ni sayar da nawa. Mu nan hoto 25 a daƙiƙa muke ɗauka, shota na zaune a 1/50, ba wata dabarar ƙara sauri. Duk kyarmar hannu tana fitowa, musamman daga 70mm zuwa sama. Lokacin ɗaurin aure a masallaci ba wurin kafa sanda, mutane kafaɗa da kafaɗa, kuma ba ka da damar cewa liman ya maimaita. Da lens ɗin abokina hoton yana tsuma, da nawa yana lilo a hankali yadda ido zai iya jurewa. Ba zai maye gurbin gimbal, wato mariƙin da ke daidaita kyamara, ba idan tafiya kake yi, amma a tsaye ya wadatar.

Akwai ƙananan abubuwan da mai saye ya kamata ya sani. IS yana ɗan shan batir. Idan ka ɗora kyamara a kan sanda za ka yi doguwar ɗauka, kashe shi, musamman a tsofaffin lens. Kuma ƙarin kaya ne mai motsi da zai iya lalacewa, don haka in na hannu za ka saya, ka danna maɓallin ɗauka rabi, ka kasa kunne, ka leƙa: hoton ya kamata ya lafa nan take, in ya yi tsalle ko ka ji ƙarar da ba ta dace ba, ajiye musu kayansu.

Ba dole ba ne ma a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Tun 2012 Tamron ta fitar da 24-70mm f/2.8 mai VC, Nikon ta biyo da nata mai VR a 2015, sai dai nauyi ya ƙaru. Sannan sababbin kyamarori irin Sony a7 II ta 2014, Nikon Z6 da Canon R6 suna da nasu tsarin a cikin jiki, wanda ke aiki da kusan duk lens ɗin da ka ɗaura. Mai irin waɗannan ba na ba shi shawarar ƙara kuɗi saboda IS a zum na 24 zuwa 70. Wanda hoton biki zalla yake yi da filasha, shi ma ya kai kuɗinsa ga f/2.8. Amma mai tsohuwar kyamara irin tawa, wanda ake kira ya haɗa hoto da bidiyo shi kaɗai, ya biya kuɗin IS, sannan ya ware wani abu ya sayi filasha mai kyau kafin bikin da ke tafe.